Dutsen da Babana Ya Bi

Sunana Senamun, 'yar Harsiyesi magatakardan haikali, matar Kolluti mai tufkar igiya. A Tiba, garin Misirawa, aka haife ni, a unguwar da ke jikin ƙofar gabas ta haikalin Amun abin bautarmu, kuma a nan nake zaune har yau da haƙorana suka zube. Ina da shekara goma sha tara aka zo ɗaukar Dogo.

Dogo ginshiƙi ne na jan dutse, sassaƙa guda ba haɗi, tsayinsa ya haura kamu sittin, kansa mai tsini, fuskokinsa huɗu cike da rubutun mutanen dā. Talaka ba ya shiga cikin haikali, saboda haka gindin Dogo ne wurin kai kukanmu. Mace mai ɗa da zazzaɓi, manomin da jakinsa ya ɓata, duk nan ake zuwa a faɗa wa Amun. A lokacin mutum uku suka rage a garin da suka iya karanta abin da ke jikinsa. Biyu sun tsufa har ba sa fitowa. Na ukun babana ne.

Babana siriri ne, yatsunsa kullum da tawada. A gida sai ya wuni bai yi magana goma ba. Amma in baƙo ya tsaya a gindin Dogo ya tambaye shi me wancan tsuntsun ke nufi, to rana za ta karkata bai gama ba. Innata, Tahor, takan aike ni in kira shi cin abinci.

"Ce masa gurasa ta huce," takan ce. "In kuma rubutun ya ƙosar da shi, ya faɗa mana mu ba maƙwabta."

Umarnin daga sarkin Rum ya zo, cewa a kai masa dutsen ƙasarsa. Sojoji suka taso daga sansaninsu, suka fasa katanga don a sami hanya, suka tattara duk wani mai tufka da mai sassaƙa a garin, har da mijina. Babban maginin wani mutumin Iskandariyya ne mai suna Zosimu, gajere mai jan kai, yana jin yarenmu da gargada. Ya sa aka kafa manyan itatuwa kewaye da Dogo, da niyyar a ɗaure shi a karkato shi a hankali a kan igiyoyi.

Kwana goma babana yana zaune a kan wani kango yana kallonsu. Rana ta goma sha ɗaya ya dawo gida bai taɓa abinci ba.

"Za su karya shi," ya ce. "Igiya ba za ta riƙe ba. Gida uku zai rabu."

"To madalla," inji Inna. "In ya karye ai ba mai son sa. Sai su bar mana shi su koma inda suka fito."

"Karyayye?"

"Karyayye a gidansa. Ba ka ji abin da ake faɗa a kasuwa ba? Kowa addu'arsa kenan."

"Da mijin 'yarki a ƙarƙashinsa yana riƙe da igiya?"

Gaskiya ya faɗa. Amma na san babana. Da Kolluti yana can wani gari, da duk da haka zai je wurin maginin.

Washegari ya shiga ɗakin littattafan haikali ya fito da wata tsohuwar takarda a naɗe, ya tafi wurin Zosimu. Kolluti yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce maginin ya dubi babana sama da ƙasa ya ce, "Kai malamin tsuntsaye, me ka sani game da nauyi?" Babana ya ce, "Ban san komai ba. Waɗanda suka tsayar da shi su suka sani, kuma sun rubuta. Da yashi suka yi."

Wata biyar aka yi ana aikin. Aka gina katangar tubali mai kauri a gefen Dogo, aka cika ta da yashi har kusan wuyansa, aka sassaƙe ƙarƙashin gindinsa ta gefe ɗaya har ya jingina. Daga nan aka riƙa buɗe ƙananan ƙofofi a ƙasa ana kwashe yashin da kwanduna, kaɗan kaɗan. Dogo ya riƙa sunkuyawa, yau taki ɗaya, gobe taki ɗaya, kamar tsoho mai neman wurin zama. Ranar da ya kwanta duk garin na wurin. Ko tsagewa bai yi ba, kuma ba wanda ya rasa ko yatsa. Na ga babana ya taka har can ƙarshen tsinin, inda ba a taɓa ganin rubutun kusa ba, ya durƙusa yana shafawa, fuskarsa tana haske. Mutane ma sun gani.

Da safe muka tarar an watsa kashin jaki a ƙofar gidanmu. Mata suka daina amsa gaisuwar Inna a bakin kogi. Kolluti ba wanda ya zarge shi, an san da bulala aka kai shi. Babana kuwa da ƙafarsa ya je.

Aka ja dutsen a kan itatuwa har bakin ruwa, aka jira cikar kogi, aka ɗora shi a wani jirgi mai faɗi da aka ƙera dominsa. Sai babana ya ce zai raka shi Iskandariyya, don a can za a sake sauke shi, kuma bai yarda da hannun kowa ba. Ina da cikin wata bakwai lokacin. Ya dafa kaina a bakin jirgi ya ce, "Kafin yaron ya fara zama na dawo." Inna ta miƙa masa ƙunshin gurasa da albasa da dabino, ba ta dube shi ba.

Ba a daɗe da isarsu ba sarkin da ya ba da umarnin ya mutu. 'Ya'yansa suka shiga rigimar sarauta, aka manta da dutse. Aka bar shi kwance a bakin teku.

Labarin babana muna samunsa ne daga Loloy, ƙanin mijina, wanda ke aiki a jiragen da ke kai alkama Iskandariyya. Sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara. Mutum ne mai baki, ba ya shigowa gidan sai da tsokana.

"Matar yaya, kin ƙara faɗi. Ko ke ma sai an kawo yashi in za ki kwanta?"

"Sai an kawo dai don a toshe bakinka. Ka ga Baba?"

"Na gan shi. Yana gaishe ku. Ya ce bana za a ɗauki dutsen, da an ɗauka zai taho."

Haka ya faɗa a shekara ta farko, haka a ta biyu. A ta huɗu Inna ta kwanta da ciwon ƙirji. Na aika Loloy musamman, na ce ya gaya masa in yana son ya same ta da rai ya taho. Loloy ya dawo shi kaɗai, ranar ba tsokana. Ya ce babana ya yi kuka, ya haɗa kayansa, har ya zo bakin jirgi, sai aka ce masa wasu manzanni sun iso daga Rum suna auna dutsen. Sai babana ya roƙi Loloy ya jira shi kwana biyu. Jirgin alkama ba ya jira.

Manzannin suka auna suka tafi. Inna ta rasu bayan sati uku.

Daga nan na daina tambaya. In Loloy ya fara, sai in tashi in shiga ɗaki. Na haifi 'ya'ya shida, uku suka zauna. Haikali ya riƙa mutuwa a idonmu, masu hidima suka watse, aka daina fito da jirgin Amun ranar biki. Babban ɗana ya shiga cikin Kiristoci, ban hana shi ba. Na koyi tufka a wurin Kolluti har tafin hannuna ya yi kanta kamar nasa.

A shekara ta ashirin da uku Loloy ya zo, gemunsa ya yi fari, ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi shigowa.

"Senamun, yau ko za ki zage ni sai kin ji. Sarkin yanzu ya sa an ƙera jirgi, ban taɓa ganin irinsa ba, matuƙa ɗari uku. Wannan karon da gaske ne. Kuma babanki idonsa ya tafi. Dā yana rubuta wa ma'aikatan jirgi wasiƙa su ba shi abinci. Yanzu wata mai sayar da kifi ce ke tausaya masa. In aka ɗauke dutsen, a wurin zai mutu."

"Ai can ya zaɓa."

Kolluti yana gefe yana tufka. Bai ɗago kai ba ya ce, "Je ki. In ba ki je ba, ni zan sha fama da ke har mu mutu."

Kwana ashirin muka yi a kan kogi, ina zaune a kan buhunan alkama. Ban taɓa wuce garuruwa biyu daga Tiba ba kafin nan. Iskandariyya ba ta tsaya mini a rai ba, hayaniya kawai nake tunawa da warin kifi. Loloy ya ja ni ta bayan rumbunan hatsi, sai ga Dogo kwance a kan itatuwa, gishirin teku ya yi masa fari-fari a gefe, masunta sun shanya taru a wani ɓangarensa. Leburori suna ta haƙa hanya daga gindinsa zuwa ruwa. A jikinsa akwai 'yar bukkar kara, gabanta wani tsoho ƙanƙani yana tsaye yana bin rubutun da yatsu, bakinsa na motsi.

Na tsaya a bayansa. Na shirya maganganu tun daga Tiba, duk suka gudu.

"Baba."

Ya juyo da fuskarsa, idanun sun yi fari kamar madara.

"Wace ce?"

"Senamun ce."

Ya miƙo hannu, na matso. Ya shafa goshina, da kumatuna, da gashin da ya fito daga mayafina.

"Muryar uwarki kika ɗauko," ya ce. Sai ya kama hannuna ya ja ni wajen dutsen. "Kin zo ki gan shi kafin ya tafi? Zo, zo nan. Akwai wani layi a wannan gefen da ba a gani lokacin yana tsaye."

Na fizge hannuna.

"Ban zo ganin dutse ba. Inna ta mutu fuskarta na kallon ƙofa. Ni na rufe mata ido. Yaron da ka ce kafin ya zauna ka dawo, yau 'ya'yansa biyu. Na binne uku, Baba, ba ka san ko sunan ɗaya ba. Sai ka ce in zo in ga layi?"

Masuntan suka daina aikinsu suna kallonmu. Babana ya laluba ya zauna a kan itacen da ke ƙarƙashin dutsen.

"Ni na kwantar da shi," ya ce daga baya. "Na gaya wa kaina ba kayar da shi na yi ba, taimakonsa na yi ya tafi da lafiyarsa ya tsaya a wani wuri. In na koma gida na bar shi a ƙasa, to mutanen kasuwa su ke da gaskiya. Shekara ɗaya na ce zan jira. Da uwarki ta rasu kuma, ban san da wace fuska zan shiga gidan ba. Kowace shekara tafiyar ta fi ta bara wuya."

"Ni fa? Ina nan da raina."

"Kina nan," ya ce.

Kwana goma sha biyu muka yi ana ɗora dutsen a jirgi. Zosimu ya daɗe da mutuwa, sabon maginin saurayi ne daga Rum, sai da tafinta. Babana ya sa na wanke masa rigarsa guda, ya sa na kai shi gabansa. Ya roƙi a ba shi wuri a jirgin, ko a kan igiyoyi ne zai kwanta, ba ya cin abinci da yawa, kuma ya san yadda ake tsayarwa da yashi. Tafintan ya faɗa. Saurayin bai yi masa wulaƙanci ba. Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa, ya ce a gaya wa kaka su ba sa aiki da yashi, suna da naɗi na jan igiya da ƙarafa, kuma jirgin ba ya ɗaukar wanda ba zai iya tuƙi ba. Ya sa aka ba shi gurasa biyu. Loloy kuwa aka ɗauke shi cikin masu kula da igiya, ba tare da an tambaye shi ko yana so ba.

Ranar tashi na kai babana ƙarshen gaɓar dutse da ta shiga cikin teku. Ya riƙe damtsena.

"Gaya mini abin da kike gani."

Na gaya masa. Matuƙa sun sa itatuwansu a ruwa, jirgin ya nutse har kusan bakinsa, ƙananan jirage na ja, ya wuce hasumiyar wuta mai nuna wa jirage hanya, an buɗe zannuwan kama iska.

"Har yanzu ana ganinsa?"

"Ana gani."

Jirgin ya ƙanƙance, ya koma kamar ƙuda a kan ruwa, ya ɓace.

"Yanzu fa?"

"Ana gani, Baba."

Na ci gaba da faɗa masa haka har rana ta zo tsaka. Ina jin ya gane, domin daga baya ya daina tambaya, ya saki damtsena ya ce ƙafarsa ta gaji.

Na kawo shi Tiba. Na yi tsammanin za a tare mu da zagi, amma waɗanda suka watsa mana kashin jaki duk sun mutu, 'ya'yansu kuwa ba su san ko wane ne shi ba. Na shimfiɗa masa tabarma a ɗakin da muke ajiye kaba. Yana cin abin da aka ba shi, yana godiya kamar baƙo. Ni kuma ina yi masa hidima kamar yadda ake yi wa baƙo. Shekara ɗaya da rabi muka yi a haka. Duk wanda ya ji ya shigo, sai ya ɗaga kai ya tambaya ko daga arewa yake.

Loloy ya dawo a lokacin girbin alkama, ya rame, yana ɗingishi. Ko ruwa bai gama sha ba babana ya lalubo ya zauna gabansa.

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Baba. A idona."

"Bai karye ba?"

"Ko kaɗan. Sun kafa itatuwa har ba ka ganin gari, mutum dubu nawa suna juya naɗi. Ni ma igiyata na ciki. Da ya miƙe sai suka ɗora masa wata ƙwallon tagulla a ka, an shafe ta da zinariya."

"A wane haikali?"

Loloy ya dube ni. Na kau da kai.

"Ba haikali ba ne. Filin tseren dawaki ne. A tsakiya suka sa shi, kekunan dawaki suna zagaye shi. Filin yana cin mutane fiye da duk Tiba da ƙauyukanta."

"Suna duban sa?"

"Ranar farko sun duba."

"Akwai mai karanta shi?"

"Na ji wani yana gaya wa matarsa wai Misirawa suna son agwagi."

Babana ya gyaɗa kai a hankali. "Wace fuskar ce ke kallon fitowar rana?"

"Baba, ban lura ba. Ka yafe ni. Ni dawakin na tsaya kallo."

"Ba laifi," inji babana. "To, ya tsaya."

Ya tashi ya koma ɗakinsa. Bai ci abincin rana ba.

Washegari ina zaune a tsakar gida ina tufka, sai na ji ya fito yana bin bango. Ya zauna kusa da ni, ya nemi bakin igiyar ya riƙe mini.

"Ukun da kika binne," ya ce, "faɗa mini sunayensu."

Na so in ƙi. Amma na faɗa. Ya maimaita kowanne sau biyu. Ya tambayi wace ce ta fara tafiya kafin ta rasu, da abin da ya kashe ta, da wanda ta yi kama da shi. Kashegari ya tambayi yadda haihuwata ta fari ta kasance, da wanda ya riƙe ni. Wata rana ya tambayi kwanakin Inna na ƙarshe. Ban sassauta masa ba, na gaya masa duk abin da ta faɗa a kansa, mai daɗi da marar daɗi. Ya yi kuka ba sauti, igiyar na hannunsa, bai sake ta ba. Bai ƙara ambaton Dogo ba, ko sau ɗaya.

Wata uku muka yi haka, kullum da hantsi. Na ba shi labarin shekara ashirin da uku, ba a jere ba, yadda suka zo mini. Wani lokaci har dariya muke yi. Ya yi fama da sunayen jikokinsa yana rikita su, su kuma suna yi masa tsiya yana ramawa.

Ana saura kwana kaɗan kogi ya fara cika, ya kasa fitowa. Na kai masa kunun sha'ir, ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya ce in zauna.

"Senamun, wane abinci kika fi so?"

Na yi dariya, na ce wannan wace irin tambaya ce.

"Ban sani ba ne," ya ce. "Na yi ta tunani tun jiya. Ban sani ba."

Sai da na yi tunani ni ma, don an daɗe ba wanda ya tambaye ni. Na ce masa gasasshiyar tattabara da albasa. Ya ce in ya ji sauƙi zai sa Kolluti ya samo guda biyu mu ci tare.

Ya rasu bayan kwana biyu. Muka haye da shi yammacin kogi. Babu sauran wuri kusa da Inna, an sa ƙaninta a nan tun shekaru, saboda haka muka haƙa masa nasa can gaba kaɗan, wajen gindin tsauni. Mu bakwai ne a wurin, har da mai kwalekwalen da ya haye da mu.